Tantin Mutum Ɗaya

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, da kuma aiki. Mu nan ƙalau muke, sai gajiyar asibiti da ba ta ƙarewa.

Na rubuto ne maimakon in kira saboda na gaji da kai a waya. Keken ɗinkinka yana ta ƙara, kai kuma kana ta "to, to," in na ajiye sai in rasa abin da ka yarda da shi. Mai motar maganinmu yana bi ta ƙofar shagonka Litinin da Alhamis. Shi zai riƙa kawo maka takarda, kai kuma ka ba shi amsa.

Maganar Baba ce. Ya sake ɗauko zancen tafkin nan, inda ya yi aikin awon ƙasa na farko, ya kafa turken siminti da hannunsa. Wai yana so ya je ya ga ko turken yana nan. Mutum mai shekara saba'in da huɗu zai kwana bakwai a daji don ya gaida siminti. Na yi magiya, na yi faɗa, na kawo masa hawan jininsa a rubuce, ya dube ni ya ce, "Mai Sanda, da bakinki?" Ka san in ya kira ni da wannan suna ya gama da ni, don ni ce na yi ƙuruciyata ina bin sa da sandar awo daga wannan tudu zuwa wancan. Ya ce tare da Baba Direba za su tafi, tsohon direbansu na ofis, shi ne hankalina ya ɗan kwanta.

Amma ba zai tafi da tsohon tantinsa ba. Na gan shi a ɗakin ajiya, ɓera ya ci gefe guda, sauran kuma wari yake kamar rigar da aka manta a bokiti. Shekara ashirin kana ɗinka wa baƙi tantuna, yau ga ubanka. Ka zaɓa masa mai kyau, da abin shimfiɗa, da abin rufa, don bakin ruwa akwai sanyin safiya. Duk abin da ka zaɓa ka rubuto mini ɗaya bayan ɗaya in gani, ba don ban yarda da kai ba, hali ne na mu ma'aikatan jinya.

Kada ka manta da alkawarin bara, ranar da ya faɗi a banɗaki muka kwana uku a kansa. A gabanka ya ce in ya sake faɗuwa sau ɗaya, zai ba ni makullin gidansa ya dawo wurina. Ɗakin yana nan na gyara, har gado na sa mai ƙarfe a gefe. Ba na jin daɗin raba shi da gidan da Umma ta rasu a ciki, Allah ya sani. Amma na fi son ya yi fushi da ni a ɗakina da a ce maƙwabta ne suka fasa ƙofa suka same shi. Kai kake kusa da shi. In ka ga wani abu, ka faɗa mini.

Ka gaida mutanen gidan duka.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu, na ji faɗan da ke ciki sau uku. Muna lafiya, yara suna gaishe ki.

Baba ya zo shago ranar Talata da hantsi, da tef ɗin awonsa a aljihu, kamar wanda zai raba gado. Bai zauna ba. Ya auna ƙofar shagon ya ce ta karkace da rabin inci, ya ja ɗinkin wani tanti da yatsa ya ce, "Wannan zaren ne ko addu'a?" Na ce zare ne, Baba, amma ana haɗawa da addu'ar. Bai yi dariya ba. Kin san shi da ni. Tun da na zauna gaban keken Umma maimakon in bi shi daji, sunana ya koma Tela, kuma yadda yake faɗinsa kamar sunan wata cuta.

Ki bari in gaya miki yadda nake aiki, tunda ba ki taɓa tsayawa kin gani ba. A bayan shagon akwai fili da na share, kullum da tantuna uku a kafe. Ba na sayar wa mutum tanti yana tsaye. Sai ya cire takalmi ya shiga, ya kwanta, ya juya dama da hagu, ya ja zif ya rufe kansa, sannan ya tashi ya fito. A nan ake gane komai. Mai tsawo yakan ji ƙafarsa tana tura bango, mai ƙiba yakan ga ƙofar ta yi masa kaɗan, mai tsoron matsi kuma tun kafin zif ya kai ƙarshe zai ce a buɗe. Wanda ya zaɓi tanti da ido kawai, a daji yake zagina. Baba ya ce shi ya kwana a tanti tun kafin a yanke mini cibi, ba ya bukatar gwaji. Na ce doka ce. Ya ce, "To, doka doka ce," ya cire takalmi.

Ga abin da na tsayar masa.

Tanti na mutum ɗaya, haka ya ce. Amma ba irin gajeren nan da ake shiga da rarrafe ba. Zan ɗinka masa mai tsayi, wanda mutum zai miƙe a ciki, da sandar ƙarfe mai kauri a tsakiya. Yadin na zamani ne, ba ya shan ruwa, ba ya nauyi. Ƙofa mai faɗi da gidan sauro, kuma ba dokin ƙofa, ƙasan a shafe yake.

Gado mai naɗewa, tsayinsa daidai gwiwa, da katifar soso mai kaurin yatsa huɗu a kai.

Bargo mai zif, irin wanda ake shiga ciki kamar buhu. Na zaɓi wanda yake buɗewa tun daga wuya har ƙafa, na cire ɗan kan zif ɗin na sa masa zobe babba.

Fitila mai caji da ake ratayewa, wadda ake kunnawa da dannawa ɗaya. Turaku goma sha biyu da guduma mara nauyi.

Ina ganin ba abin da na bari. Zan gama ɗinkin nan da kwana shida in Allah ya yarda. Ki daina damun kanki haka, ki riƙa cin abinci a kan lokaci.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Salam. Ina fata kuna lafiya.

Na karanta jerin kayanka a ɗakin hutunmu, shayina ya huce ban sha ba.

Baba ne zai kwana a gado mai naɗewa? Mutumin da ya yi shekara arba'in yana cewa gadon daji na manyan ofis ne masu tsoron tururuwa? Ni na sha kwana kusa da shi a kan tabarma, dutse yana sukar haƙarƙarina, in na yi ƙorafi ya ce ƙasa ba ta taɓa kayar da wanda ya kwanta a kanta ba. Yanzu ka ce mini ya yarda da gado daidai gwiwa, bai ce uffan ba.

Auta, aikina ke nan. Gado daidai gwiwa na wanda ba ya iya tashi daga ƙasa ne. Sandar ƙarfe a tsakiya ta wanda yake neman abin kamawa ce. Ƙofa ba doki ta mai jan ƙafa ce. Zobe a kan zif kuwa, mu ma muna sa wa marasa lafiyarmu, waɗanda yatsunsu suka daina tsinke abu. Ka ba ni labarin shigarsa tanti har da cire takalmi, amma ba ka ba ni labarin fitowarsa ba.

Ba ka iya ƙarya ba tun kana yaro. Bakinka yakan yi shiru, hannunka ya tona ka. Yanzu ma ɗinkinka ne ya faɗa mini.

Wane hannu ne, dama ko hagu? Kuma me ya faru a bayan shagon? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka ba mai mota amsa ranar Alhamis, kada ka ce aiki ya yi maka yawa.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki.

Hagu ne.

Ya shiga ƙaramin tantin, ya kwanta a kan tabarmar gwaji, ya juya dama ya juya hagu, har yana cewa rufin ya yi ƙasa. Na ce to, Baba, a fito. Na ji shiru. Na leƙa, sai na gan shi ya dafa ƙasa da hannun hagu, hannun ya lanƙwashe kamar ba ƙashi a ciki, ya koma ya kwanta. Ya sake gwadawa. Ya sake. Goshinsa duk gumi, bai kalle ni ba.

A lokacin akwai mutum biyu a filin, wani malamin makaranta da matarsa suna duba tanti na kusa. Na ga idon Baba ya kai kansu. Ban san lokacin da na durƙusa na shiga ba, na ja zif na rufe mu. Na ɗaga murya na ce, "Ka ga, Baba, in an rufe haka iska take shigowa ta sama," ina ta surutun ciniki har suka gaji suka tafi. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ni dai da rarrafe na shiga tantin farko da na taɓa zama a ciki tare da ubana.

Mun fi minti goma a ciki. Wurin na mutum ɗaya ne, gwiwata tana taɓa kafaɗarsa. Na sa hannu ta ƙarƙashin hammatarsa zan ɗaga shi, ya ce, "Dakata." Sai ya ce mini wata uku ke nan hannun yana yi masa haka, in ya kai ƙasa sai ya ja jiki zuwa ƙafar kujera kafin ya miƙe. Yaya, ashe shi ya sa ya daina zuwa masallaci. Mu muna cewa rigimarsa da ladan ce. A gida yake salla a zaune, ya rufe ƙofa, don kada a ga ya kasa tasowa daga sujada. Da na ɗaga shi na ji ba shi da nauyi ko kaɗan.

Ya riƙe mini wuyan hannu ya ce, "Tela, wannan tsakanina da kai ne. In Mai Sanda ta ji, gidana ya tafi." A rayuwata bai taɓa ba ni ajiyar komai ba, ko makullin akwatin kayan awonsa. Abu na farko da ya ba ni ke nan, ga shi na kwance miki shi a takarda. Ina jin kunyarsa, ina jin tsoronki, gaba kura baya sayaki.

Amma ki saurare ni. Alkawarin da ya yi na faɗuwa ne, kuma bai faɗi ba. Da ƙafarsa ya shiga, da kansa ya kwanta, ni na sa shi. In akwai mai laifi, dokar shagona ce. Kayan da na zaɓa kuma ba don in rufe miki ido ba ne kawai, na zauna ne na yi tunanin kowane motsi da zai yi daga farkawa zuwa fitowa, na sa masa abin kamawa a kowane wuri. Da gadon nan da sandar nan zai tashi ba da taimakon kowa ba, na gwada shi sau biyar. Ga kuma Baba Direba kusa da shi.

Ki bar shi ya je ya ga turkensa. In ya dawo, sai a yi maganar asibiti, ni da kaina zan kawo shi. Ina roƙonki, kada ki nuna masa na faɗa.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Salam, da fatan alheri.

Na yi kuka da na karanta zancen sallar, ba zan ɓoye maka ba. Na kuma gode da ka rufe zif ɗin nan. Amma ka zauna kafin ka karanta sauran.

Jiya na nemi lambar gidan Baba Direba don in gaya masa magungunan da za a riƙa ba Baba. Matarsa ce ta ɗauka. Baba Direba yana kwance tun watanni biyar, idonsa ya tafi, ko ƙofar gida ba ya fita sai an riƙe shi. Bai san da wata tafiya ba. Rabonsa da Baba tun kafin ya kwanta.

Ka ce tanti na mutum ɗaya, "haka ya ce." Kai da kake sa mutane su kwanta su juya don ka gane abin da ba su faɗa ba, ba ka tambayi kanka inda mutum na biyun zai kwana ba? Ni ma na karanta ban tambaya ba, don haka ba kai kaɗai nake zargi ba. Shi kaɗai zai tafi. Zai sa motar haya ta sauke shi a ƙarshen hanya, ya kwana bakwai a inda ko ihu ya yi sai tsuntsaye. In ya sunkuya ɗaukar guduma ya kai ƙasa a waje, ina sandar ƙarfenka take? Abin da ya sami hannun nan gargaɗi ne, na biyunsa ba ya sallama.

Ban san abin da ke ransa ba, kuma ina tsoron in sani.

Na rubuta masa. Na gaya masa na san komai, don ba zan iya wasan ɓuya da ran mahaifina ba. Ka yi haƙuri, na san na jefa ka a ruwa. Ranar Asabar ta sama zan zo da mota in ɗauke shi. Ka ajiye almakashinka, ba tantin da za a ɗinka.

Yayarka

*

Tela,

Bayan sallama. Ina fata iyalinka suna lafiya.

Takardar yayarka ta same ni. Zan yi maka magana uku.

Ta ɗaya. Na ba ka ajiya, ba ta kwana goma a hannunka ba. Ita ban yi fushi da ita ba, aikinta take yi. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Ta biyu. Gaskiya ne Direba ba zai je ba. Na faɗi sunansa ne don a bar ni in sha iska. Ba mutuwa zan je nema ba, ka gaya mata ta kwantar da hankalinta, mutuwa ta san adireshina. Ina da shekara ashirin da uku na haƙa ramin turken nan, na dama simintin, na daidaita kansa da hannuna. Duk awon da aka yi a yankin daga kansa aka fara. Gidajen da na auna an rushe wasu, hanyoyin an sake su, abokan aikin sun tafi. Ina so in tsaya a kan abu ɗaya da na ajiye wanda bai gusa ba, kafin a kai ni ɗakin da gadonsa yake da ƙarfe kamar na jariri. Ban ga abin da ya yi zafi a nan ba.

Ta uku. Na san me za ka ce, don na ga bakinka yana motsi ranar nan. Za ka ce ka bi ni. Ba za ka bi ni ba. Kana ganin ban taɓa kai ka daji ba don na raina ka. Na kai ka sau ɗaya, kana da shekara huɗu, ba ka tunawa. Ruwa ya tsare mu a cikin tanti da la'asar, ƙurar yadin ta tayar maka da asma, leɓenka ya canza launi. Mota ta kafe a taɓo. Na saɓa ka a kafaɗa na yi mil takwas da kai zuwa bakin titi, ina jin numfashinka a kunnena kamar ana jan zarto, wani lokaci kuma in daina jin sa. Ranar na yi wa mahaifiyarka rantsuwa ba za ka sake kwana a tanti ba ina raye. Da ka girma ka zaɓi ɗinkin tantuna, na ɗauka tsokana ce.

Ka miƙo mini tsohon tantina da ka ɗauke daga ɗakin ajiya. Naka ka sayar wa wani.

Wassalam.
Mahaifinka

*

Yaya,

Salam. Ina fata kin huce, ko da rabi.

Ga takardar da Baba ya aiko mini, na haɗa miki ki karanta. Kin san labarin mil takwas ɗin nan? Shekara arba'in da biyu ina ɗauke da haushin an bar ni a gida, ashe ni ma an taɓa ɗauka ta. Na rufe shago ranar, na rasa abin da zan yi da hannuna.

Ban ajiye almakashin ba, ki yafe mini. Na farke gefen tantin na ƙara masa ƙyalle mai faɗin inci talatin, daidai shimfiɗar mutum ɗaya a ƙasa kusa da gadon. Launin bai zo ɗaya ba, wanda ya rage mini ke nan. Jiya bayan azahar na kai shi gidan Baba na kafa a tsakar gida, ban ce masa komai ba. Na shiga, na ja zif, na kwanta.

Ya bar ni a ciki fiye da awa biyu. Ina jin jan ƙafarsa yana zagayawa, yana taɓa igiyoyi. Daga baya na ji ƙarar tef.

"Ka ƙara inci talatin," in ji shi daga waje. "Wa ya ba ka izini?"

Na ce, "Ba kowa. Baba, ka saurari ƙirjina. Shekara ashirin ina shaƙar yadin tanti daga safe zuwa yamma. Wannan ba irin naku na da ba ne, ba ya riƙe ƙura. Rabona da tashin asma tun kafin in yi aure."

Ya ce, "Na yi rantsuwa."

Na ce, "Ka yi wa Umma rantsuwa ne don kada ta rasa ɗa. Da tana nan, kana ganin za ta bar ka ka tafi kai kaɗai da hannu ɗaya?"

Can sai ya buɗe zif ɗin, da zoben da na sa masa shi ma, da hannun hagun, ya tsaya yana kallona daga sama. Ya ce, "Kana minshari?" Na ce maiɗakina ta ce ina yi. Ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Ya tafi ɗaki ya dawo da sandar awo, taki, ya jingina ta a jikin tantin. Ya ce mai riƙe sanda ba ya surutu.

Bai yafe mini ba, ko ruwa bai ce in sha ba. Amma ya yarda da kwana uku maimakon bakwai, kuma motar maƙwabcina za ta kai mu ta tsaya a ƙauyen da ke kusa. Yaya, ba zan tafi da shi a ɓoye ba, na gaji da ɓoyo. In kin ce a'a, zan naɗe tantin, ki zo Asabar ki ɗauke shi, ni zan riƙe miki ƙofar mota. Sai dai ki sani, in aka ɗauke shi haka, gangar jikinsa kawai za ki kai ɗakin nan. Ina tsoron tafiyar, kada ki ɗauka ba na tsoro. Ki ɗaga mana Asabar ɗin zuwa ta gaba.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Salam.

Na san labarin. Ina da shekara tara, ni aka bari a cikin motar da Baba Direba. An hana ni faɗa maka ne.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, amsata a'a ce, kuma in wani abu ya faru ba zan yafe wa kaina ba. Amma ga ƙunshi nan wurin mai mota. Farar ƙwaya da safe, ja da yamma, kada ka yarda ya ce ya sha sai ka gani da idonka. Na sa na'urar awon jini da maganin shaƙa biyu, naka ne, ka sa ɗaya a aljihu. In bakinsa ya karkace ko maganarsa ta harɗe, ka bar tanti da komai ku kamo hanya.

Sandar tana da tsaga kusa da ƙasa, tana cizon tafin hannu, ka naɗa mata tsumma. In ya ɗaga hannu ka tsaya cak, in ya kaɗa shi ka matsa. Ba zai ce ka yi daidai ba. In bai yi tsaki ba, ka yi daidai ke nan.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku. Ba zan yi barcin kirki ba sai na ji ku.

Yayarka

*

Mai Sanda,

Bayan sallama. Mun dawo jiya.

Turken yana nan. Ciyawa ta rufe shi, Tela ya share. Na auna daga dutsen da na yi wa alama, bai gusa ba ko da faɗin farce.

Safiya ta uku na kasa tashi, duk da gadon, duk da sandar ƙarfen. Na zame na kai ƙasa tsakanin gado da shimfiɗarsa. Shi ya ɗaga ni. Na san ba zai gaya miki ba, don yana ganin ya ci amanata sau ɗaya, ba zai ƙara ba. Shi ya sa nake gaya miki da kaina. Wannan faɗuwa ce, ba kwanciya ba, kuma ni ban taɓa rubuta awon ƙarya ba.

Ki zo Asabar. Makullin yana hannuna, zan ba ki. Ki fitar da gadon nan mai ƙarfe, da nawa mai naɗewa zan zo.

An yi ruwa kwana biyu a jere. Na bi ɗinkin da yatsa tun daga sama har ƙasa, har wurin da ya ƙara ƙyallen, ko ɗigo bai shigo ba. Na so in faɗa masa a hanya, bakina ya ƙi. Ki faɗa masa.

Wassalam.
Mahaifinki